Nisan Agadas: na tsuntsu daban, na Inna daban

Jama'ar Arewa, na Dogon Dutsi da na Tibiri, da ɗiyanmu da ke biye da wanga shafi daga Yamai, Agadas, Legas, ko can Libiya da Aljeriya. Kun saba jin muryata, yau kuma rubutu zan yi maku, don zancen ya fi ƙarfin 'yan mintocin da ake ba ni bayan labarai.

Makon da ya wuce, cikin shirin gaisuwa na dare, wata dattijuwa ta kira mu daga wani ƙauye na wajen Geceme. Ba gaisuwa ta kira yi ba. Ɗanta yana can arewa wurin haƙar zinariya, ciwo ya kwantar da shi, abokan aikinsa sun kawo shi Agadas sun ce za su sa shi mota zuwa Yamai wurin wansa, a kai shi asibiti. Kwana biyu ke nan ba ta ji ɗuriyarsa ba, salularsa ba ta shiga. Sai ta ce mani: "Ɗana, ku da kunka yi boko, wai Agadas da Yamai nisan mi gare su?"

Yaron da ke riƙe mani na'ura ya yi maza ya rubuta tambayar cikin salularsa, ya ɗago mani fuskar ta bayan gilashi. Kilomita 740, jirgin sama kamar awa biyu. Ni kuma ban tsaya tunani ba na karanta mata haka, duk Arewa na saurare. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce: "To in awa biyu ce, mi ya tsai da shi kwana biyu? Ko dai ɓoye mani kuke?"

Na tsorata baiwar Allah da lissafin da babu kuskure cikinsa. Wannan shi ya hana ni barci daren nan, shi kuma ya sa nake rubuta wanga bayani.

Waɗanda sunka zauna ajin lise da ni za su tuna malamin labarin ƙasa yana ba mu rula da taswira, a auna santimita tsakanin gari da gari, a ninka da ma'aunin da ke ƙasan taswirar, a fitar da amsa. Da Faransanci ana ce ma wanga nisa "à vol d'oiseau", watau tashin tsuntsu: miƙe santal, babu kwana, babu tudu, babu shingen jandarma. Mun ci maki da shi a jarrabawa. Salula ma shi take fara ba ka in ka tambaye ta nisan jirgi.

A tashin tsuntsu, Yamai zuwa Agadas kilomita 740 ne, kaɗan sama ko ƙasa. A mota kuma kusan 950 ne. Bas yakan tashi daga Yamai wajen ƙarfe huɗu na asuba, ya yi kilomita kusan 140 zuwa Doso, ya ratsa Kore Mairuwa, ya iso nan Dutsi da hantsi bayan ya ci kamar 275. Daga nan sai Birnin Ƙonni, a saki babbar hanya ta RN1 a Tsarnawa a juya arewa zuwa Tawa, sannan Abalak, sannan doguwar hanyar nan ta kusan kilomita 400 da ta raba Tawa da Agadas. Mai sa'a ya isa da dare. Wanda motarsu ta lalace, ko ruwa ya yanke masu hanya, ko anka tsai da su jiran rakiyar sojoji, shi kam sai yadda Allah ya yi. Mai zuwa Arlit yana da sauran kilomita kamar 240 gabansa.

Mu kanmu nan Dutsi haka abin yake. Tsuntsu daga Yamai zuwa nan bai wuce kilomita 210 ba, mota kuma 275, saboda hanya sai ta gangara kudu zuwa Doso kafin ta hauro mana. Sakkwato ma, a tashin tsuntsu, ta fi Yamai kusa da mu: ba ta kai kilomita 150 ba.

Akwai wani abu da ban lura da shi ba sai da na koma gida na shimfiɗa taswira na ja layi da rula kamar lokacin makaranta. Layin da ya miƙe daga Yamai zuwa Agadas bai bi ta Doso ba, bai bi ta Dutsi ba, bai bi ta Ƙonni ba. Ta wajen Filinge yake bi, ya wuce arewa da Tawa. Tsakaninsa da garin Dutsi akwai kusan kilomita 100. Ke nan wanda ya shiga jirgi a filin Diori Hamani ya sauka a filin Mano Dayak, ko da ya zauna jikin taga, bai ga dutsinmu ba, bai ga Dallol Mawri ba, bai ga ramin da ya fasa tayar motar da ta ɗauko ɗan Inna ba. A wurinsa ƙasar ta taƙaita, gari biyu ne da kofin shayi tsakani.

Mi ya sa hanya ta yi wanga dogon zagaye? Tarihin ya shafe mu kai tsaye. A 1898 Faransa da Ingila sun zauna can Turai sun raba yankin nan a kan takarda. Sun kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato sun zana da'ira mai nisan mil 100, kamar kilomita 160, duk abin da ke ciki na Ingila ne. Da'irar ta haɗiye Ƙonni da wani ɓangare na ƙasarmu ta Arewa. Sai ya zama Faransawa in za su tashi daga bakin kogin Kwara zuwa Damagaram dole su zagaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke da nisa da juna. A takarda hanyar ta yi daidai. A ƙasa kuwa ƙishirwa ta gallabi ayarinsu, mutane da dabbobi. Shi ya sa sunka koma teburin shawara, anka gyara iyakar a 1904 da 1906, har sunka samu hanyar da ke bi ta nan Arewa da Ƙonni da Maraɗi, inda ake da ruwa da garuruwa da hatsi. Su kansu masu zana layi da rula, da ƙafarsu ta taɓa ƙasa, sun gane cewa hanya ruwa take bi da mutane. A 1926 kuma anka ɗauke babban birni daga Damagaram anka kai shi Yamai, can kusurwar yamma, sai arewa da gabas sunka ƙara nisa da inda ake yanke hukunci.

To ga ra'ayina, ban kuma ɓoye shi. Kilomita 740 gaskiya ne, amma gaskiyar mutane ƙalilan ce. Nisan da ya kamata ƙasa ta auna kanta da shi, shi ne wanda talaka ke biya da aljihunsa da ƙugunsa da kwanakinsa. Kuma muddin masu sa hannu a kan kasafin kuɗi ta sama suke zuwa arewa, hanyar ƙasa za ta ci gaba da zama zancen da suke ji a rahoto. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Wanda bai taɓa kwana a bakin hanya tsakanin Abalak da Agadas ba, inda za ka ɗaga salula sama ka rasa layi, ba zai ji zafin abin ba ko da an rubuta masa shafi ɗari.

Tikitin jirgi na zuwa kaɗai ya fi mafi ƙarancin albashi na wata guda, wanda yake jikka 42 tun 2024. Manomin gero na Dankasari, ko mai lambun dankalin turawa nan Dutsi, ko yaron da ya sayar da tunkiyar uwarsa don tafiya biɗa, wane daga cikinsu zai shiga? Mafi yawan 'yan Nijar za su gama rayuwarsu ba su taka matakalar jirgi ba. In ka ce masu Agadas awa biyu ce, ka faɗa masu nisan wani mutum daban.

A duba inda kuɗi ke zuwa in ana gaggawa. Filin jirgin Yamai an sabunta shi tsaf a 2019 kafin taron ƙungiyar Tarayyar Afirka. A Agadas, Amurkawa sun kashe sama da dalar Amurka miliyan 100 sun gina sansanin jirage da ake kira 201, sun yi 'yan shekaru ciki, sun fice a watan Agusta na 2024. Ba na cewa filin jirgi haramun ne. Ina dai nuna cewa in manya na buƙatar wurin sauka, ana samun kuɗi da siminti cikin 'yan watanni.

Sannan a dubi hanyar Tawa zuwa Arlit, mai tsawon sama da kilomita 600, wadda ake kira hanyar uraniyom. An shimfiɗa ta a ƙarshen shekarun 1970 don fitar da arzikin da anka fara haƙa a Arlit tun 1971. Mu mutanen Dutsi shaida ne, don shekara da shekaru manyan motocin nan ta tsakiyar garinmu sunka riƙa ratsawa, su nufi Doso da Gaya zuwa tashar ruwan Kwatano. Muna yara mukan tsaya bakin kwalta muna ƙirga su. Arzikin ya wuce, hanyar da ta ɗauke shi kuma anka bari ta mutu har direbobi sunka riƙa sauka daga kan kwalta suna bin rairayin gefe saboda ya fi sauƙi. An gyara wasu sassa, mun gani, mun kuma yaba. Amma duk direban bas da ka tambaya zai gaya maka wuraren da har yanzu yake addu'a kafin ya shige su.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Na farko, tsaro. Za a ce minista ko gwamna ba zai bi hanya ba saboda 'yan bindiga. Na yarda akwai haɗari. Sai dai in hanya ta yi ma mai rakiyar sojoji haɗari, yaya ke nan ga mace mai goyo da ke cikin bas ba ta da kowa sai Allah? Wagga hujja ai ƙara nuna girman matsalar take yi. Na biyu, lokaci. Za a ce babban ma'aikaci ba shi da kwana biyu na ɓatawa a hanya. To malamin makarantar da anka tura Ingal, ko ungozomar da anka tura Iferwan, su lokacinsu ba lokaci ba ne?

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi, kuma ni ma ina tare da ita: akwai inda jirgi ne kaɗai maganin nisa. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, jihar Agadas ita kaɗai ta fi rabin wannan. Agadas da muke gani ƙarshen duniya, ga mutumin Bilma ko Dirku ita ce bakin gari. Daga Yamai zuwa Bilma a tashin tsuntsu kusan kilomita 1,300 ne. Daga Agadas zuwa Bilma kamar 550 ne, amma babu kwalta, sai rairayin Tenere. Ƙananan motoci na yin kwana biyu zuwa uku kafin Dirku, manyan motocin kaya sun fi haka, ayarin raƙuman gishiri kuwa makonni yake yi. Itace guda ɗaya da matafiya ke gane hanya da shi cikin wannan hamada, mota ta buge shi a 1973, gawarsa na can gidan tarihi na Yamai. A irin wannan wuri, mace in haihuwa ta zo mata da gardama, ko soja in ya ji rauni, ko ɗanmu mai haƙar zinariya a Jado in rami ya rufta masa, babu motar da za ta kai shi babban asibiti da rai. Jirgi ne. Don haka faɗana ba da jirgi nake ba. Abin da nake tambaya shi ne, kujerar nan ta wa ce? In jirgi zai iya sauka Dirku don kai tawaga, zai iya sauka don ɗauko mara lafiya.

Kuma kada mu ɗauka rikita nisan sama da na ƙasa ƙaramin kuskure ne. Yana kashe mutane. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne sunka lalace, ƙishirwa ta gama da su. A 2017 wasu 44 sun mutu haka nan a hanyar Dirku. A taswira wuraren da sunka faɗi ba su da nisa da rijiya ko gari, santimita guda ne ko bai kai ba. Masu ɗaukar mutane kuma sun san amfanin gajeren lissafi: "Ai nan da nan ne, gobe war haka kuna ciki." Yaranmu na Matankari da Kiyeshe da Dumega da wanga zance ake ruɗinsu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kada kuma mu yi ta hangen Tenere mu manta da ƙofar gidanmu, don irin wanga lissafi na tsuntsu yana nan cikin Arewa. In ma'aikatan lafiya za su faɗi yawan mutanen da ke kusa da likita, sukan ƙirga waɗanda ke zaune cikin kilomita 5 daga cibiyar lafiya. Wata da'ira ce kuma anka zana da kamfas. A takarda ƙauyenku na ciki, an gama da ku. Amma a watan Agusta, in ƙorama ta kawo ruwa ta raba ku da garin, kilomita biyar ɗin nan a amalanken jaki da mace mai naƙuda a kai, wa zai ce mani awa nawa ne? Mutanen Dogon Kirya da Sukukutan da ƙauyukan da ke bayan Tibiri sun fi ni sanin amsar. Mu da ake kira Arewa, mu ma muna da tamu arewar da ba a zuwa sai da dalili.

To mi za a yi? Zan fara da kaina da abokan aikina na gidajen rediyo. Daga yau in an tambaye ni nisa, sai na tambayi mai tambaya da mi zai tafi, kuma wane wata. In faɗi awa da kwana da kuɗin mota, in faɗi inda layin salula ke yankewa, kafin in faɗi kilomita. Da na yi haka daren nan, da Inna ta kwana da sauƙin zuciya.

Ga hukuma kuma, roƙona guda uku ne. Duk wanda anka ba amanar hanyoyi, ko lafiya, ko ilimi, ya yi tafiyar Yamai zuwa Agadas ta ƙasa ko da sau ɗaya a shekara, ba tare da an share masa hanya an cike ramuka don zuwansa ba. Zuwa da kai ya fi aike. Ya tsaya nan Dutsi ya sha ruwa, ya ji ta bakin direbobi a tasha. Na biyu, kuɗin gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit ya zama na kowace shekara, kada a jira ta mutu sannan a yi bikin ɗora dutsen farko, kuma a haɗa da rijiyoyi da turakun salula a wuraren da babu kowa. Na uku, a sa jirgi mai zuwa Dirku a kan ranaku sanannu, a ware kujeru na marasa lafiya da likita ya rubuta ma takarda, gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ƙasar da ta iya sayen jiragen yaƙi za ta iya wannan.

Mu iyaye da yayye ma akwai namu. Yaro in ya ce zai tafi arewa, hana shi ba kullum yake yiwuwa ba, don kowa ya san abin da rani ke yi ma rumbu. Amma a zaunar da shi da wanda ya taɓa zuwa ya dawo, ya faɗa masa kwana nawa ne, jarka nawa ta ruwa, ina ne in mota ta tsaya babu mai wucewa. A karɓi lambar direba da ta abokin tafiya. A yi alkawarin inda zai kira in ya isa, don gida su san ranar da ya kamata su fara damuwa da ranar da bai kamata ba.

Inna ta sake kira bayan kwana biyu. Yaron ya isa Yamai a rana ta uku. Motarsu ce ta lalace kafin Abalak, sunka kwana a daji har anka kawo kayan gyara, ga shi babu layi. Da sunka iso Kore Mairuwa ma, 'yan kilomitoci kaɗan daga gida, bai iya sauka ba don jikin ya yi nauyi, sai wucewa anka yi da shi. Yanzu yana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Na ce mata: "Inna, ki gafarce ni, nisan masu jirgi na ba ki ran nan." Ta yi dariya ta ce: "Babu komi ɗana. Ni dai gaba in na tambaye ka, ka ba ni na masu mota."

Ku da kunka taɓa bin hanyar nan, direbobi da 'yan biɗa da ma'aikatan da anka tura arewa, ku rubuto mana awa nawa ko kwana nawa ta ci maku, a wane wata, kuma ina kunka fi shan wuya. Zan tattara in karanta a shirin dare, da sunan garuruwa, don wanda ke shirin tafiya ya ji, wanda ke da ikon gyarawa shi ma ya ji. Allah ya kai matafiya lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya maido mana da ɗiyanmu gida.